Kaskar Sa, Laifin Kyanwa

Abin da na ɗauko daga ɗakin Inna bayan rasuwarta kyanwa ce. Akwai zannuwa, akwai tasoshi, akwai murhun banda da ta yi shekaru tana ƙyafe kifi a kai, duk na bar wa ƙanena da matarsa a tungarmu, can ƙetaren ruwa. Bayan sadakar bakwai na sa kyanwar a kwando na rufe da ɗankwali, muka shiga jirgi zuwa Yelwa. Tana kuka ina kuka, har mai jirgin ya rasa wadda zai ba haƙuri.

Ba wata kyakkyawa ba ce. Fara ce mai baƙin tabo a ido ɗaya, kunnenta na hagu a tsage, don ƙugiya ta taɓa kama shi tun tana ƙarama, garin satar koto. Amma ita ce abokiyar hirar Inna tun da Baba ya rasu, kuma gashinta ya sha hayaƙin banda har ya riƙe. Na yi watanni in na sa hanci a bayan wuyanta sai in ji ƙamshin ɗakin uwata. Ban taɓa gaya wa kowa wannan ba a gidan mijina, don na san irin dariyar da za a yi.

Gidan sashe biyu ne, namu da na yayan mijina, wanda kowa ke kira Yaya. Tsakar gida ɗaya muke, da bishiyar mangwaro guda, ita ce inuwar kowa. Yaya dillalin albasa ne, kuma a kan albasa ban da abin cewa, ya san ta. Matsalar ita ce yana ganin wanda ya san albasa ya san komai. An haife shi a Yelwa, ruwa na kallonsa yana kallon ruwa, amma bai taɓa sa ƙafa a jirgi ba, tsoro yake ji. Ko neman aurena bai je ba, ya ce ciwon baya ya tashi. A wurinsa duk abin da ke bayan ruwan nan gari ɗaya ne, sunansa ƙetare, mutanensa kuma mutanen ƙetare, masu ƙarnin kifi. Shekara da shekaru ina girka abincin da yake ci in matarsa ba ta nan, bai taɓa tambayar sunan tungarmu ba.

Kyanwar ta shekara a gidan lafiya lau. Ɓeraye suka daina yi wa buhunan Yaya ɓarna, bai ce an gode ba, ni ma ban jira ba. Sai wata damina albasa ta yi masa kyau, ya je kasuwa ya sayo sa, zai yi kiwon turka ya sayar da Babbar Salla. Mutumin da ko akuya bai taɓa ɗaurewa ba, ranar nan ya zama masanin dabbobi. Ya kafa turke a gindin mangwaro, ya tara harawa a gefe, ya ajiye kujerarsa kusa. In baƙo ya shigo sai ya tsare shi da bayanin tozo da haƙori, har baƙon ya manta abin da ya kawo shi.

Tun ranar da aka shigo da san na ga kaska a jikinsa. Ba sai an nema ba. Suna nan jere a cikin kunne, da ƙarƙashin wuya, da gindin wutsiya, wasu sun ƙoshi sun yi sul. Na gani na yi shiru, don tsakanina da yayan miji sai gaisuwa daga nesa, a durƙushe. Ba na yi masa magana kai tsaye, shi ma in yana da magana da ni, iska yake gaya wa, ko ƙanensa.

Ita kuwa kyanwa ba ruwanta da wannan kunya. Ta ga tarin harawa mai laushi a inuwa, ta mai da shi gadonta na rana.

Wata safiya ina shafa kanta na ji wani abu a bayan kunnen da ya tsage, kamar ƙwayar wake. Na buɗa gashin, sai ga kaska, toka-toka, ta cika da jini. Na duba wuya na sami wata, na duba tsakanin yatsun ƙafa na sami ƙanana. Sai a lokacin na lura ta rame, ga susa ba dare ba rana, dadashinta ya yi fari. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ji kamar amanar Inna ce ake tsotsa a gabana.

Na san yadda Inna take yi. Sai ta naɗe kyanwar a zani, kai kawai a waje, ta ɗora ta a cinya. Ta sa farce ta kama kaskar daga can gindi inda ta manne da fata, ba ta cikin ba, ta ja a hankali, ba fizga ba murɗawa, har ta saki da kanta. Sai ta jefa ta a kaskon garwashi, ta goge wurin da ruwan gishiri mai ɗumi. Haka na yi. Na zauna a bakin ƙofata da kasko a gefe, kowace ta faɗa wuta sai ta yi ɗan ƙara ta fashe, ni kuwa ina jin daɗin ƙarar nan har cikin raina.

Kafin in gama, gidan ya cika da likitoci. Matar Yaya ce ta fara zuwa, ta tsaya a kaina hannu a ƙugu.

"Ke ko da wahalad da kai! Zuba mata kalanzir mana, duk su zube."

Maƙwabciyarmu ta leƙo ta katanga ta ce baƙin mai na inji ya fi, a shafe ta da shi tun daga kai har wutsiya. Wata da ta shigo aron turmi ta ce ita fiya-fiya, maganin ƙwarin nan, take yayyafa wa kajinta. Na ce mata kyanwa lasar jikinta take yi, duk abin da aka shafa mata cikinta zai tafi.

"Ai mussa ba ta mutuwa da wuri," in ji matar Yaya. "Rai da yawa gare ta."

Mussa, haka muke kiran kyanwa a nan. Na dube su, mata uku da ba wadda ta taɓa ba kyanwa ko ƙashin kifi da niyya, kowace tana rabon ran da ba nata ba. Na ce na gode, na ci gaba da abin da nake yi.

Hayaniyar ce ta jawo Yaya. Ya taso daga kujerarsa, ya leƙa kasko, ya dubi kyanwar, ya waiga ya dubi sa. Na ga hankalinsa yana aiki, kuma na san ba alheri zai haifa ba. Ya ɗaga kai ya gaya wa mangwaro:

"Ashe! Ni ko ina ta mamakin inda san ga yas samo kaska. Ashe daga ƙetare anka kawo muna ita cikin kwando."

Kyanwar da ta shekara a gidan ba ko ɗaya a jikinta. San kuwa da su ya shigo, a jere kamar an yi masa ado. Amma a lissafin Yaya, dabbar da ya zaɓa da idonsa ba za ta zo da aibi ba. Dole aibin ya fito daga wajen masu ƙarnin kifi.

Da maigidana ya dawo, Yaya ya kira shi gindin mangwaro, ya yi maganar da ƙarfi yadda zan ji daga madafa.

"Mussag ga ba ta kwana gidan ga. A ƙetarad da ita."

Wanda bai zauna bakin ruwa ba ba zai san nauyin wannan kalma ba. Mutanenmu ba sa kashe kyanwa, suna tsoron alhakinta. Ba sa kuma yar da ita ta tudu, don ko Shanga ka kai ta, wata rana za ka tashi ka gan ta a kan katangarka tana lasar hannu. Saboda haka sai a sa ta a buhu, a ba mai jirgi ranar kasuwa, ya kwance bakin buhun a can ɗaya gaɓar ya juyo. Ruwa ya shiga tsakani, shi ke nan. Ko ta rayu, ko karnuka su yage ta, wannan tsakaninta da Allah ne. Mai buhun kuwa ya koma gida hannunsa fes, har yana ganin ya yi tausayi.

Maigidana mutumin kirki ne, irin kirkin da ba ya tare wa kowa rana. Ya shigo ɗaki yana sosa ƙeya.

"Ki yi haƙuri, kin san halin Yaya."

"Na san hali nai. Kai ka san mussaw wa ta?"

"Na sani. Na roƙe shi, ya ce in har ranak kasuwa ba a ga kaska jikinta ba, shi bar ta."

Wannan shi ne iyakar jarumtar da aka yi mini, na karɓa.

Daga ranar na zama mai gadin kyanwa. Safe da yamma ina naɗe ta a zani ina bin jikinta da yatsa, kunne, haɓa, hammata, gindin wutsiya. Na wanke tsumman da take kwanciya da tafasasshen ruwa. Na kulle ta a ɗaki, ta fita ta taga. Na toshe tagar, ta yi ta kuka har na buɗe. Duk ranar da ta kuɓuce ta je harawa, sai ta dawo mini da sababbin baƙi, ƙanana jajaye, suna neman wurin zama. A ƙarshe na koma ɗaure ta da igiyar zani a ƙafar gado, ina ba ta haƙuri kamar mutum. Na dafa mata tarwaɗa, na cire ƙaya, ta fara mai da jiki.

Shi ma masanin dabbobi yana nasa aikin. Ya sayo wani magani a wurin mai talla a babur, ya auna da ido, ya dama a bokiti. Sai dai yana tsoron harbi. Ya tsaya daga nesa ya miƙa hannu da tsumma, ya wanke gefen da ke fuskantarsa, ya shafa tozo, ya ce an gama. Cikin kunne da gindin wutsiya, inda masu gidan suke zaune da iyalansu, ko ɗigo bai kai ba. Turken kuwa ba a taɓa share shi ba, tsohuwar harawa da kashi sun yi tudu. Ina kallonsa ta labule, dariya na cina, haushi na cina.

Ranar kasuwa da safe na duba kyanwar sau da yawa, babu ko ɗaya. Na ɗauke ta na kai wa matar Yaya, don ita ce bakinsa kuma ita ce idonsa a wajena. Ta juya kunnuwan da ɗan yatsa tana yatsine fuska.

"Lalle kam babu."

"To ki shaida mishi."

"Ni shaida mishi."

Na sake ɗaure ta a ƙafar gado, na ja ƙofa, na tafi kasuwa da sanyin zuciya. Har na biya shagon maganin dabbobi na tambaya. Mai shagon ya ce kada in kuskura in sa wa kyanwa maganin shanu, kashe ta zai yi, a share turken a ƙone sharar, a wanke san yadda ya kamata. Na dawo ina shirya yadda zan bi ta bakin maigidana in isar da wannan ga Yaya ba tare da ya ji an koya masa ba. Dubi irin wahalar da nake sha don kada girman mutum ya zube.

Na tarar da ƙofata a buɗe. Igiyar zanin tana nan a ƙafar gado, an kwance ta da kyau, an ma naɗe.

Matar Yaya ta ce ita ta faɗa masa. Amma bayan fitata ya ɗaga wutsiyar sa da sanda ya ga kaska cunkus, ya ce ai ga shaida nan, muddin mussar tana gidan ba za su ƙare ba. Ya shiga ɗakina, ɗakin matar ƙanensa, inda kunya ta hana shi ko tsayawa a bakin ƙofa shekara da shekaru. Ranar kunyar ta tafi hutu. Ya sa kyanwar a buhun albasa, ya kai bakin ruwa da kansa, ya miƙa wa wani mai jirgi daga kan tudu, don kada ruwa ya taɓa masa takalmi.

Ko mayafi ban gyara ba na hau kabu-kabu zuwa tashar jirage. Jirage sun fi a ƙirga, wasu sun tashi, wasu na lodi. Ina bin su ina tambayar wanda aka ba buhu da mussa a ciki. Wani ya ce bai gani ba, wani ya yi dariya ya ce in je gidansa akwai guda biyar, in zaɓa. Na tsaya ina kallon ruwan, faɗinsa ba iyaka, ɗaya gaɓar ta zama zare. Na tsani Yaya a wurin nan, tsana ta gaske, kuma ban nemi tsari daga gare ta ba.

Kwanaki suka wuce. Na daina aika abinci sashensu. Maigidana ya yi ta kawo mini tsire da haƙuri, na ci tsiren. Kaskar sa kuwa sai abin da ya ƙaru, har kunnensa ɗaya ya kumbura ya sunkuya. Yaya ya bayyana wa baƙi cewa ƙwan da mussar ta bari ne ke ƙyanƙyashewa. Ɓeraye suka dawo buhunansa, wannan ma na tabbata da ya sami hanya da ya ɗora mata.

Ina tsakiyar wanki wata hantsi wayata ta yi ƙara. Matar ƙanena ce daga tunga.

"Anti, mussar Inna ta dawo."

"Wace mussa?"

"Ta Inna mana, mai tsagaggen kunne! Mun tashi munka ishe ta bakin murhu. Ke kinka aiko ta?"

Na zauna a kan bokiti. Daga baya muka ji yadda aka yi. Mai jirgin ya kwance buhun a wata mashaya da ke arewa da tungarmu, ita kuwa ta bi gaɓa, ta ratsa gonakin mutane, har ta kai. Dabarar ƙetarwa gaba ɗayanta a kan abu ɗaya ta tsaya, a raba kyanwa da gidansu. Yaya ya ɗauki kyanwar ƙetare, ya biya jirgi, ya mai da ita ƙofar ɗakin da aka haife ta. Da ya taɓa tambayar daga ina matar ƙanensa ta fito, ko sau ɗaya, da ya san wace gaɓa zai guje wa.

Washegari na ɗauki kwandon nan na shiga jirgi. Rabona da tunga tun sadakar bakwai. Kullum ina cewa sai an kwana biyu, don ban san yadda zan shiga gidan in tarar ba Inna ba. Na sauka na bi ta cikin shanyar ƙananan kifin nan, warangi, mata na yi mini sannu da zuwa, hayaƙi ya tare ni tun daga nesa. Ɗakin Inna ya zama ma'ajiyar tarun kamun kifi. Murhun yana nan, matar ƙanena ce ke banda a kai yanzu, kuma a gefensa mai ɗumi, inda ta saba, ga ta kwance.

Ta rame sosai, gashinta duk ƙarangiya. Ta ɗaga kai ta dube ni, ta ɗauki lokacinta, sannan ta taso ta hau cinyata kamar jiya muka rabu. Na kwance zanin goyo da na zo da shi na naɗe ta. Na sami kaska a wuya, wata a hammata, tsarabar hanya. Ban ce komai ba matar ƙanena ta shiga ta fito da kaskon Inna mai ɓallen baki, ta zuba garwashi ta ajiye a gefena. Sai na ga a kan kujerar Inna nake zaune, a inda take zama, hannuna na yin abin da nata ke yi. Kukan da ban gama ba wancan zuwan, a nan na gama shi.

Da lokacin jirgi ya yi na buɗe kwando na sa ta. Ta yi tsalle ta fita. Na sake kamawa, ta yakushe ni a hannu, abin da ba ta taɓa yi ba, ta haye tarin itace ta zauna tana kallona. Ƙanena ya ce bari ya kamo mini ita. Na ce ya bari. Ina zan kai ta? Turken yana nan, harawar tana nan, buhunan albasa ba su ƙare ba. Na naɗe zanina na sa a kwandon, na bi hanyar bakin ruwa. Ba ta biyo ni ba.

Da la'asar na shiga gida. Yaya na kan kujerarsa a gindin mangwaro, ya jingina da tarin harawa, matarsa na tsince shinkafa a gefe. Ya ga kwandon, ya ga ba motsi a ciki. Ya gyara zama ya gaya wa iska:

"To, an dai gani. Abin da anka ƙetarar ba shi dawowa."

Na durƙusa na gaishe shi kamar kullum. Daga inda nake, da ya juya kai, na hango ta a bayan kunnensa, ƙarƙashin bakin hula. Toka-toka, ta ƙoshi ta yi sul. Idona ya saba, ba zan yi kuskure ba.

Na miƙe na dubi matarsa, na yi maganar yadda har maƙwabciya za ta ji ta katanga.

"Duba bayan kunnen Yaya, akwai kaska, ta sha ta ƙoshi. Mussa dai ba ta gidan ga. In buhu aka so, akwai ɗakina, jirgi kau na tashi ranak kasuwa."

Shinkafar ta tsaya a hannunta. Yaya ya kai hannu bayan kunne, ya taɓa, bakinsa ya buɗe. San ya kaɗa wutsiya.

Na shiga ɗaki na rufe ƙofa. Igiyar tana nan a ƙafar gado inda ya naɗe ta. Na fito da zanin daga kwando, duk farin gashi, ya sha hayaƙin murhun Inna. Na ninke shi na sa a ƙasan akwati, har yau ban wanke shi ba.